Tirelata ta faɗi fahas, mudir ya ce a yi hayar taya a koma

Ɗan Khumra:

Assalamu alaikum jama'ar zaure, manyanmu da ƙannenmu. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da ake tattaunawa, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai abin ya ishe ni, shi ya sa na ce bari in kawo shi gaban waɗanda suka riga ni zuwa ƙasar nan ta Saudiyya.

Ni direban tirela ne a Jidda. Shekarata shida a nan, kafin nan na yi tara ina Kano zuwa Legas, don haka ba jiya na fara riƙe sitiyari ba. Ina aiki da wata 'yar mu'assasa (wato ƙaramin kamfani) mai motoci bakwai, garejinmu yana unguwar Khumra. Motar da ke hannuna Actros ce, ta kwana biyu amma injinta lafiya lau. Aikina in ɗauki kwantena daga tashar jiragen ruwa in kai Riyad, in juyo da duk abin da aka samu, wata rana tayil, wata rana buhunan abincin dabbobi.

Ranar Lahadi na kai ta fahas, wato binciken lafiyar mota na shekara-shekara, saboda na bara ya ƙare, istimara kuma, wato takardar rajistar mota, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, kun kuwa san ba a sabunta ta sai da takardar fahas. Mandub ɗinmu, mai bin takardun motoci, ya kama mana lokaci ta intanet, bakwai da rabi ina wurin. Fitilu suka wuce, hayaƙi ya wuce. Da aka hau da ita kan na'urar nan mai juya taya ta gwajin birki, idona na kan allo. A aksul na baya gefen dama ya kama ƙam, gefen hagu kuwa kamar ana roƙonsa. Tun kafin takarda ta fito na san an gama. Abu uku aka rubuta min: birkin baya bai daidaita ba, tayoyin gaba biyu sun suɗe har gefen ɗaya ya fara tsattsagewa, sai ƙarfen kariya na gefe da ya lanƙwashe tun ranar da wani mai foklif ya doke shi a tasha.

Ban yi musu da kowa ba, domin duk abin da suka rubuta gaskiya ne. Tayoyin nan ni da bakina na yi maganarsu tun Sha'aban, aka ce min bayan Salla. Salla ta zo ta wuce, aka ce bayan Hajji.

Na kai wa mudir, wato manajanmu, takardar. Ya duba ta sama-sama ya ce "ma fi mushkila", wato babu matsala. Ƙarfe, mai walda zai miƙe shi. Birki, a ɗan ɗaure shi da sifana. Taya kuwa, wai ya san wani banshar, wato shagon taya, da ake ba da haya: ka biya wani abu kaɗan, a ɗaura maka masu kyau da safe, ka shiga fahas ka fito, kafin la'asar ka mayar musu a maido maka da naka. Ya ce ƙarshen wata in kuɗi sun shigo za a sayi sabbi. Ya faɗi haka yana latsa waya, ko ɗagowa bai yi ba.

Ga abin da ya hana ni barci. Hanyar dawowata daga Riyad ta Ɗa'if take bi, in gangaro ta hanyar Sail, tunda ba a barin manyan motoci su bi hanyar dutsen Hada. Watan jiya ina gangarowa da tayil, na taɓa birki a wata kwana sai na ji kan motar yana fizgata dama. Na samu wuri na tsaya. Da na zagaya baya, warin ƙauri ya buge ni, na kai hannu kusa da wilin dama na janye ba shiri, na hagu kuwa ɗumi kawai. Ma'ana gefe ɗaya ne yake ɗauke da duk nauyin. Na zauna a gefen titi kusan awa guda har ya huce, na ƙarasa Jidda ina tafiyar hawainiya ina salati.

To jama'a, in na bi maganar mudir aka ci fahas da tayar aro, gobe aka tsayar da ni a hanya aka ga suɗaɗɗun, a wuyan wa abin zai faɗa, ni ko mu'assasa? In kuma na ce ba zan tuƙa ba, da me zan dogara? Kada wani ya ce in ajiye makulli kawai in yi tafiyata. Igamata, wato katin zamana a ƙasar, a hannunsu take, ina da mata da yara huɗu a gida, ga mahaifiya, kuma ɗakin da na fara ginawa ko linta bai kai ba. Don Allah wanda ya san abin nan da gaske ya ba ni shawara, ba wanda ya ji a majalisa ba.

Tsohon Direba, Makka:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni haifaffen Shara Mansur ne, kakana ne ya zo da ƙafa ta Sudan. Na yi shekara ashirin da wani abu ina jan bas na alhazai tsakanin Makka da Madina da Masha'ir, yanzu ido ya ce in zauna. Jikana ne yake rubuta min wannan, in ka ga kuskure nasa ne.

Ka yi tambayar takarda, wasu za su ba ka amsar takarda. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne hannunka da ka kai kusa da wilin dama ka janye. Motar ta riga ta gaya maka abin da ke damunta tun kafin na'urar fahas ta faɗa. Fahas sau ɗaya yake ganin mota a shekara, na 'yan mintoci, a fili shimfiɗaɗɗe, babu kaya a bayanta. Gangaren Sail kuwa duk mako yake ganinta, da tan-tan na tayil. Za ka iya yi wa na farkon wayo da tayar aro. Na biyun ba a taɓa yi masa ba.

Ka tuna abin da ya faru a Akabar Sha'ar da ke Asir a azumin 2023, ƙarshen watan Maris. Bas ce ɗauke da masu zuwa Umara, ta daki gada ta kife ta kama da wuta, mutum ashirin ko fiye suka rasu, kuma abin da aka ruwaito shi ne birki ne ya ba da matsala. Mutane ne irinmu, 'yan ci-rani, sun tara 'yan riyalolinsu za su yi ibada. Na san hanyar. Duk wanda ya taɓa saukowa daga duwatsun kudu ya san yadda birki yake mutuwa: ba lokaci ɗaya yake tafiya ba. Kana takawa yana kamawa, kana takawa yana kamawa, yana ta ɗaukar zafi, sai ka taka ka ji kamar ka taka soso. A lokacin kuma giya ba za ta yarda ta sauko maka ba, domin gudu ya riga ya yi yawa.

Abin da manyanmu suka koya mana, giyar da za ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Tun kana sama kafin gangara ta fara za ka zaɓe ta, ba a tsakiya ba. Ka bar injin ya riƙe motar, ka kunna birkin inji, ƙafarka kuwa ta taɓa ta ɗaga, kada ta kwanta a kai. Na san ka san wannan, shekara goma sha biyar ba wasa ba ce. Amma duk wannan dabara ta mai birki lafiyayye ce. Wanda gefe ɗaya ne kawai yake kama masa, ko ya fi kowa iya tuƙi, rabin birki yake da shi.

Mu a lokacin Hajji, kafin a bar bas ta ɗauki alhaji sai an duba ta, kamfanonin kuma suna ƙarƙashin Naƙaba, hukumar motocin alhazai. Muna ƙorafi a lokacin, muna cewa an cika takura. Wata shekara aka ajiye motata kwana uku saboda ƙofar gaggawa ta baya ta ƙi buɗuwa, na yi ta faɗa ina cewa wa ya taɓa fita ta nan. Yanzu da na tsufa nakan tuna tsofaffin da nake ɗauka, wasu da kyar suke hawa matakala, in ce da wuta ta tashi a gaba fa?

Ba zan ce ka yi rigima da mai gidanka ba, arziki ba ya son tashin hankali. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban yara ba, ka ce masa motarsa kake tsare masa. Mai mota ya fi jin maganar asarar mota fiye da maganar ran direba, haka duniya take, sai ka shiga ta ƙofar da take a buɗe. Amma kada ka sake sauko Sail da kaya a kan tayoyin nan. Wannan ba shawara ba ce, roƙo ne.

Bakaniken Sana'iyya:

Malam Ɗan Khumra sannu da ƙoƙari. Baba ya gama magana, ni ɓangaren sifana zan taɓa, shekarata goma sha ɗaya a ƙarƙashin manyan motoci a Jidda.

Maganar "a ɗan ɗaure birki" ita ta fi tayar min da hankali, fiye da tayar ma. Taya kowa yana ganinta. Birki kuwa in aka ɗaure shi da hannu zai iya cin gwaji yau, jibi ya koma gidan jiya, kai kuma kana tafiya da zaton an gyara. Motocin nan akwai wani hannu a bayan kowane wili da yake daidaita birkin da kansa yayin da gumashat, wato takalman birki, suke cinyewa. In ka ga har sai an sa sifana an ɗaure, to ko hannun ya ƙage, ko akwai wata cutar a ciki. Ɗaurewa ba ta warkar da ko ɗaya.

Yadda ka kwatanta, dama zafi hagu sanyi, abu uku nake zargi. Ko hannun nan na hagu ya daskare da ƙura da rashin giris. Ko robar da ke cikin tukunyar iskar birkin ta huje, iska tana zurarewa maimakon ta tura. Ko kuma oyilsil ya fashe, mai ya jiƙa gumashat ɗin, suna santsi a jikin hub. Na ukun za ka iya ganewa da kanka: leƙa bayan wilin da tocila, in ka ga baƙin danshi ya kama ƙura, shi ne. Kuma in za a canza gumashat a canza na gefe biyu tare. Kada a yarda a sa sabo a hagu a bar tsoho a dama, za ka koma fahas ka sake faɗuwa a kan abu ɗaya. Na daman ma da ya sha wannan zafin ina shakkar in bai ƙone ya yi ƙyalli ba.

Ga gwajin da kowane direba ya kamata ya riƙa yi da asuba, ba ya cin minti biyar. Tayar da mota iska ta cika, kashe inji, saki birkin hannu bayan ka sa waigi a taya, taka birki ka riƙe minti ɗaya kana kallon allura. In tana sauka a hankali, ko kana jin tsiii a wani wuri, akwai yoyo. Sannan ka ja zoben da ke ƙarƙashin tankunan iska. Iska kawai ya kamata ta fito. In ruwa ya biyo, ko wani abu kamar madara, tacen da ke busar da iskar ya mutu. Jidda ga laima, wannan yana yawan faruwa a nan fiye da Riyad.

Taya kuma. Duba gefenta, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Ina faɗin wannan ne saboda ko mudir ya yarda zai saya, kada a kawo maka wadda ta shekara biyar a sito tana shan rana a ce sabuwa ce don zanenta bai taɓu ba. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Kuma a gaba ba a sa ta tashlih, wato wadda aka ciro daga matacciyar mota, ba a sa wadda aka yi wa sabon bawo. In ta baya ta fashe kana da 'yan'uwanta su riƙe ka. In ta gaba ta fashe da tsakar rana a hanyar Riyad, kana kan 80 da kaya, sitiyarin ne zai bar hannunka. Na je ɗauko irin waɗannan motocin, ba na son in kwatanta.

Dabara ɗaya da za ta rage wa mai gidanka kuɗi: in akwai tayoyi masu kyau iri ɗaya a wata motar da ke ajiye a garejinku, a ɗauko su a sa a gaba su zauna, naka kuma in mai banshar na kirki ya duba ya ce ɗaya tana da sauran rai, ta koma safaya. Mai tsagewar gefe kam a yanka ta da wuƙa, don kada wani ya tsince ta ya sayar.

Mai Dyna:

Ku dai kuna da daɗin baki. Malam, ni gaskiya zan gaya maka, abin nan ba kai ka fara ba. Mutum nawa ne suke aron taya, aron tukunyar kashe gobara, har aron alwatika a bakin layi? Kai baƙo ne, an kawo ka tuƙi ne ba gyaran ƙasa ba. Yau ka ce ba za ka tuƙa ba, gobe an miƙa makullin ga wani, kai kuma a bar ka a ɗaki babu kuɗin tirip, kuma mun san albashin tsura ba ya kai ko'ina. Ka bi a hankali, ka rage gudu, ka yi addu'a, ƙarshen wata ka sake tuna masa. Abin da Allah ya rubuta ba taya ce za ta hana shi ba. Baba ya yi ritaya, bakanike kuma ciniki yake nema, kai ne mai yara huɗu.

Mandub Ba Fashi:

Mai Dyna, Allah ya shirye ka. Annabi ma cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma Dyna ɗinka, 'yar motar kaya da ke yawo cikin gari tsakanin Bab Makka da Bawadi ba ɗaya take da tirela a kan dutse ba.

Ɗan'uwa, ni aikina ke nan, takardun motocin wani kamfanin sufuri nake bi, bari in raba maka abin gida-gida, domin mutane suna haɗa su wuri ɗaya su ce "murur", wato 'yan sandan hanya. Fahas daban, yana ƙarƙashin hukumar ƙa'idojin inganci, SASO. Murur da jami'an tsaron manyan hanyoyi daban. Sannan ga Hukumar Sufuri, ita ke ba da katin aikin mota da katin direba, ita ke da masu duba manyan motoci a hanya da wuraren lodi. Ga kuma ma'aunin nauyi da kake hawa a hanya.

Abin da ya shafi katin aikin mota, takardar kaya, lasin mu'assasa, tararsa kan mu'assasa take zuwa. Tun 2024 ma kyamara ce take karanta lambar mota, in katin aikin ya ƙare, tara ta tafi ba tare da kowa ya ɗaga maka hannu ba. Motarka kuma tana da na'urar da ke haɗe da Wasl, tsarin bibiyar motoci na Hukumar Sufuri, ana ganin inda take da irin gudun da take. Zamanin "ba wanda ya gan ni" ya wuce. Amma laifin tuƙi, in da sunanka aka yi wa motar tafwid, wato izinin tuƙa ta, kan igamarka yake sauka, ka buɗe manhajar gwamnati ta Absher ka gan shi, kuma ba za ka samu bizar fita ba sai an biya.

Duk wannan kuɗi ne, ana biya a wuce. Inda ake kuka shi ne in an yi hatsari an rasa rai. Wanda ke kan sitiyari shi ake fara riƙewa, ba mudir ba. Masu bincike za su duba motar yadda take a ranar, ba yadda take a ranar fahas ba, su raba laifi kashi-kashi. In suka ga tayar da ta fashe suɗaɗɗiya ce alhali takarda ta ce mako biyu da suka wuce lafiyarta ƙalau, tambayar farko ita ce wa ya kai ta fahas. Kai ne. Diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce a kan mutum ɗaya. Kana ganin ranar mudir zai tashi ya ce shi ya aike ka banshar?

Don haka ka yi abu a rubuce. Ɗauki hoton takardar faɗuwar, ɗauki hoton tayoyin har lambar shekararsu ta fito, tura masa ta WhatsApp da Larabci mai sauƙi da ladabi: ga abin da fahas ya ce, ina tsoron fita da ita haka, ina jiran umarninka bayan gyara. Kada ka zage shi, kada ka ce ka daina aiki. Ka riƙa zuwa gareji kullum a kan lokaci, don kada a ce ka gudu. Dokar ƙwadago ta ɗora wa mai aiki nauyin kare ma'aikaci daga haɗarin kayan aiki. Ko ɓarna ma'aikaci ya yi da hannunsa, ba a cire masa fiye da ladan kwana biyar a wata, balle taya da ta cinye a kan aikinsu. In ya taɓa albashinka, akwai ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago, in ba a daidaita ba a wuce kotun ma'aikata. Yawanci ba a kai wa can. Da mutum ya ga abu ya zama rubutu, muryarsa takan canza.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Ƙa'idar Hukumar Sufuri awa 9 ce ta tuƙi a rana, ana iya kai ta 10 sau biyu a mako, kuma bayan awa huɗu da rabi sai ka huta minti 45. Jidda zuwa Riyad kusan kilomita 950 ne, babbar mota kuma iyakarta 80. Yi lissafi, kusan awa 12 ke nan ko ba ka tsaya shan shayi ba. In ana ce maka ka yi lodi da yamma ka sauke da safe, wannan ma tayar aro ce, sai dai ita a idonka take.

Tsohon Direba, Makka:

Mai Dyna, na ji ka, kuma ban ji haushi ba. Gaskiya ne na yi ritaya. Mu goma sha ɗaya muka fara aiki shekara ɗaya a kamfani ɗaya, uku a hanya suka tafi, na wanke biyu da hannuna. Shi ya sa nake da daɗin baki.

Ɗan Khumra:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Mai Dyna ma na gode, abin da ka faɗa shi ne abin da zuciyata take gaya min da dare, gara da na gan shi a rubuce na san kamanninsa.

Ga yadda aka yi. Daren Talata na tura saƙon kamar yadda Mandub ya ce, wani ɗan Sudan da muke ɗaki ɗaya ya gyara min Larabcin. Mudir ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai ce komai ba. Da safe na je gareji na zauna a inuwar motar. Wajen goma ya zo ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Da azahar bayan mun idar da salla na bi shi mota, na yi yadda Baba ya ce, na ce masa ya mudir, kan motar nan kaɗai kuɗinsa nawa ne, taya biyu kuma nawa ne? Na nuna masa hoton tsagewar na sa yatsana a ciki don ya ga zurfinta. Ya yi shiru, ya ce kai Bahaushe akwai taurin kai. Na ce a gida ma haka ake ce min.

An buɗe wilin hagu jiya. Bakanike, kai ne ka ci gari: oyilsil ne. Gumashat ɗin sun jiƙe sharkaf kamar an tsoma su a miya, na dama kuma sun ƙone sun yi ƙyalli har da tsaga a jiki. Bakaniken namu ɗan Pakistan ya ɗaga ɗaya yana nuna wa mudir yana girgiza kai, ni dai ban ce komai ba, na bar ƙarfen ya yi magana. An canza na gefe biyun. Na ja zoben tankin iska kamar yadda ka ce, ruwa ya fito ya kai rabin kofin shayi, an ce tacen sai mako mai zuwa.

Taya kuwa ba a gama ba. Ya sayo guda ɗaya sabuwa, na duba lambarta ta bara ce. Ɗayar ya ce a ciro daga wata motarmu da ta yi wata biyu a ajiye tana jiran giyabos. Zanenta da saura sosai, amma ba kamfani ɗaya ba ne da sabuwar, ko da yake lambar girmansu ɗaya. Kuma tirip ɗin Riyad na wannan makon an ba wani, ni an ce in yi ta jigilar cikin gari da wata motar har a gama, wato kuɗin tirip ya tafi ke nan. Maganin mahaifiyata na wannan watan sai na ranta.

An kama mana lokacin komawa fahas ranar Lahadi da safe. Malam Bakanike, kafin nan ina son jin bakinka: sabuwa a dama, tsohuwa mai kyau ta wani kamfani a hagu, duka a gaba, in yarda ko in sake komawa wurinsa? Lambar da ke jikin tsohuwar 4122 ce.